Yadda ake kore magana a harshen Odiya

Da wuya a sami Bahaushen da ya taso da kallon finafinan Indiya wanda bai san kalmar *nahi* ba. Wannan kalma ta harshen Hindi ce, kuma a can ana kawo ta ne kafin aikatau, wato kafin a ambaci aikin da ake korewa. Wanda ya doshi harshen Odiya da wannan sani zai ji wata kalma mai kama da ita, *nāhin*, sai ya ɗauka ya riga ya gama da babin korewa, alhali kuwa kamannin bai wuce na sauti da na asali ba. A Odiya kalmar tana zuwa ne bayan aikatau. A wasu wuraren tana sauya siffa gwargwadon wanda ake magana a kansa, a wasu kuma ba ta shiga jimlar sam, sai wata kalmar ta karɓi aikinta.

Odiya harshen jihar Odisha ne, wadda take gabashin Indiya a bakin tekun Bangal, kuma babban birninta shi ne Bhubaneswar. Ƙidayar jama'ar Indiya ta 2011 ta nuna cewa kimanin mutum miliyan 37 da rabi ne suka tashi da shi a matsayin harshen uwa. A wannan shekarar ne aka sauya rubutun sunan jihar daga Orissa zuwa Odisha, na harshen kuma daga Oriya zuwa Odia, sannan a 2014 gwamnatin Indiya ta sanya shi cikin jerin harsunanta masu tsohon adabi. Dangi ne na kusa ga harshen Bangali da na Assam. Tsarin jimlarsa shi ne aikau (mai yin aikin) a farko, karɓau (wanda aikin ya faɗa wa) a tsakiya, aikatau a ƙarshe, saboda haka idan aka ce kalmar korewa tana bin bayan aikatau, ana nufin ita ce take rufe jimlar gaba ɗaya, kuma mai sauraro ba zai san an tabbatar da magana ko an kore ta ba sai ya jira ƙarshenta.

Zan rubuta misalai da haruffan boko, don haka akwai abubuwan da ya kamata mai karatu ya riƙe. Wasalin *a* marar alama ana furta shi kusa da gajeren *o*, shi kuwa *ā* mai layi a kansa shi ne ya yi daidai da *a* ta Hausa. Harafin *n* da ke ƙarshen *mun*, *nāhin* da *nuhen* ba cikakken baƙi ba ne, alama ce ta cewa wasalin da ya gabace shi ta hanci yake fita. Harafin *h* bayan wani baƙi, kamar a *kh* ko *ch* ko *th*, yana nuna iskar da ke bin baƙin. Baƙin da aka ɗiga wa ɗigo a ƙasa kuwa ana furta shi ne da naɗe harshe zuwa baya.

A ganina, hanya mafi sauƙi ga Bahaushe ita ce ya fara daga inda harshensa ya riga ya horar da shi, ya bar bin Odiya ta cikin Turanci. Mai Turanci ya saba da kalmar korewa guda ɗaya wadda take shiga kusan ko'ina, shi ya sa yawan siffofin Odiya yake rikita shi. Mu kuwa tun muna yara muke bambanta "babu ruwa" da "wannan ba ruwa ba ne", muke bambanta "bai zo ba" da "ba ya zuwa" da "kada ya zo", ba tare da wani ya zaunar da mu ya karanta mana ƙa'ida ba. Odiya ma yana zaɓen kalmar korewa ne gwargwadon irin jimlar, kuma bambanci na farko da yake yi shi ne ainihin wanda ke tsakanin "babu" da "ba … ba ne".

Akwai wani aikatau a Odiya, *achi* (ଅଛି), wanda yake ɗauke da ma'anar "akwai" da kuma "yana wuri kaza". *Pāṇi achi* na nufin akwai ruwa, *se ghare achi* na nufin yana gida. Kishiyar wannan aikatau ita ce *nāhin* (ନାହିଁ), kuma ba a haɗa su a jimla ɗaya: idan *nāhin* ta shigo, *achi* ya fita. Saboda haka *pāṇi nāhin* shi ne babu ruwa, *se ghare nāhin* shi ne ba ya gida. Mallaka ma ta wannan hanyar ake bayyana ta, domin Odiya ba shi da aikatau na musamman mai ma'anar mallaka. Wanda ba shi da kuɗi zai ce *mo pākhare ṭankā nāhin*, wato a wurina kuɗi babu, wanda ba shi da lokaci kuma ya ce *mora samaya nāhin*. Yana da kyau a lura cewa *se* tana tsayawa ga namiji da mace baki ɗaya, kuma aikatau ba ya nuna jinsi, don haka wahalar da baƙi suke sha a Hausa wajen rarrabe "ba ya nan" da "ba ta nan" babu ita a Odiya.

Idan kuwa ana son a ce wani abu ba shi ne kaza ba, sai a koma ga *nuhen* (ନୁହେଁ). A jimla tabbatacciya ta irin wannan, maganar yau da kullum ba ta buƙatar dirka, wato kalma irin "ne" ko "ce": *mun chātra* ya wadatar a ce ni ɗalibi ne. Amma wajen korewa dole kalmar ta bayyana, a ce *mun chātra nuhen*, ni ba ɗalibi ba ne. *Eiṭā mo bahi nuhen* na nufin wannan ba littafina ba ne, alhali *mo bahi nāhin* na nufin littafina ba ya nan. Asalin *nuhen* haɗi ne na *na* da aikatau mai ma'anar zama ko kasancewa, shi ya sa take aiki a inda ake maganar abin da mutum ko abu yake, ba inda yake ba. Bambancin yana ƙara fitowa fili idan aka zo ga sifa. Kalmar *bhala* na nufin kyau ko lafiya, kuma da ita ake amsa gaisuwa a ce *mun bhala achi*, ina lafiya. Wanda bai ji daɗin jikinsa ba zai ce *mo deha bhala nāhin*, jikina ba lafiya, domin yana maganar halin da yake ciki ne a yanzu. Amma *se bhala loka nuhen* hukunci ne a kan ɗabi'ar mutum, wato shi ba mutumin kirki ba ne. Mai koyo da ya musanya waɗannan biyu yana iya zuwa duba marar lafiya ya ɓata masa suna ba da nufi ba.

Tun da *nāhin* ta wannan fuska aikatau ce cikakkiya, tana sauyawa kamar yadda *achi* yake sauyawa. Odiya yana da matakai uku na kiran wanda ake magana da shi: *tu* ga yaro ko aboki na ƙut da ƙut, *tume* ga tsara da wanda aka saba da shi, *āpaṇa* ga babba da baƙo. Ana cewa *mun nāhin*, *tu nāhun*, *tume nāhan*, *se nāhin*, *āme nāhun* ga "mu", sannan *āpaṇa nāhānti*. Wannan siffa ta ƙarshe ita ce kuma ta jam'i, kuma da ita ake ambaton duk wanda ake girmamawa ko da shi kaɗai ne. Yaron da aka tambaya ko mahaifinsa yana gida zai amsa da *bāpā ghare nāhānti*, daidai da yadda ɗan da ya sami tarbiyya a ƙasar Hausa yake cewa "Baba ba sa nan". Idan ya ce *nāhin* a wannan wuri, za a fahimci maganarsa, amma za a ji ta da rashin ladabi. Haka *nuhen* take komawa *nuhan* tare da *tume*, ta koma *nuhanti* ga babba ko ga jama'a: *se ḍāktara nuhanti*, su ba likita ba ne.

Daga nan sai a shiga aikatau na sosai, inda *nāhin* take da fuska ta biyu. A lokuta uku masu sauƙi, wato sabau (na abin da aka saba yi) da shuɗaɗɗe da mai zuwa, aikatau yana ɗaukar duk alamominsa na lokaci da na mai aiki, sai a ajiye *nāhin* a bayansa ba tare da ta sauya ba. *Mun mācha khāe* na nufin nakan ci kifi, *mun mācha khāe nāhin* ba na cin kifi. Musulmin da ya sauka a Odisha zai buƙaci wannan gini tun ranar farko, domin da shi zai ce *mun mada pie nāhin*, ba na shan giya, da *mun ghusuri mānsa khāe nāhin*, ba na cin naman alade. A shuɗaɗɗen lokaci *mun gali* shi ne na tafi, *mun gali nāhin* ban tafi ba. A lokaci mai zuwa *mun jibi* shi ne zan tafi, *mun jibi nāhin* ba zan tafi ba. Saboda kalmar korewar ba ta motsi, dukkan nauyin lokaci yana kan aikatau, kuma dole kunne ya kasance a can. Misalin da ya fi nuna haka shi ne na *kāli*, kalmar da take nufin jiya kuma take nufin gobe: *se kāli āsilā nāhin* bai zo jiya ba, *se kāli āsiba nāhin* ba zai zo gobe ba, kuma babu abin da ya raba jimlolin sai ƙarshen aikatau.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan babi shi ne yadda lokaci mai ci da kammalallen aiki suke mayar da mu ga *achi*. Kalmar *jāuchi*, ina tafiya, a zahiri kalmomi biyu ne da suka narke, *jāu* da *achi*, kuma a tsohon salon rubutu ana ganin su a cike, *jāuachi*. Haka *khāichi*, na riga na ci, *khāi* ce da *achi*. Da zarar mutum ya gane haka, korewar ta zama abin da zai iya ginawa da kansa, tun da ya riga ya san cewa *nāhin* ce take maye gurbin *achi*. Ba na tafiya shi ne *mun jāu nāhin*, ban ci ba tukuna shi ne *mun khāi nāhin*, ba na jin yunwa shi ne *mote bhoka lāgu nāhin*. Kuskuren da ya kamata a guje wa shi ne barin *achi* a wurinsa sannan a ƙara masa *nāhin* a baya, kamar yadda ake yi a lokuta masu sauƙi. Kuma tun da a nan *nāhin* tana tsaye ne a matsayin aikatau, sauyawarta ta dawo: *tume khāi nāhan*, *āpaṇa khāi nāhānti*. A kwatanta *bāpā āsile nāhin*, Baba ba su zo ba, da *bāpā āsi nāhānti*, Baba ba su iso ba tukuna. A ta farko girmamawar tana jikin *āsile*, a ta biyu kuma ta koma jikin kalmar korewa. Duk wanda ya riƙe wannan bambanci ya riƙe ginshiƙin babin.

A nan ne kuma Hausa take gaza taimaka mana, domin "ban ci ba" guda ɗaya muke da ita, sai dai mu ƙara "tukuna" ko "har yanzu" idan muna son fayyacewa. Odiya yana tilasta zaɓi. *Mun khāili nāhin* labari ne na wani lokaci da ya wuce, an kawo abinci a lokacin kuma ban ci ba. *Mun khāi nāhin* kuwa bayani ne na halin da nake ciki yanzu, cikina babu komai har zuwa wannan lokaci. Idan mai masauki ya tambayi baƙonsa ko ya ci abinci, ta biyun ce amsar da ta dace.

Kalma ta uku ita ce *na* (ନ), gajeruwa, wadda ita kuma kafin aikatau take zuwa. Wurinta na farko shi ne gaban aikatau mataimaki *thā-*, wanda yake ɗaukar aikin *achi* a lokacin da ya wuce da mai zuwa da sabau. *Se ghare thilā* na nufin yana gida a lokacin, korewarsa kuma *se ghare na thilā*. Da wannan gini guda ake kore "akwai" da kuma "ne" idan an koma baya, wato bambancin *nāhin* da *nuhen* yana ɓacewa: *pāṇi na thilā*, babu ruwa a lokacin, *se chātra na thilā*, a da shi ba ɗalibi ba ne. Idan aikatau ya haɗu da wannan mataimaki, *na* tana kutsawa tsakaninsu ta raba su. *Mun jāuthili*, ina cikin tafiya a lokacin, yana komawa *mun jāu na thili*, shi kuma *se āsithilā*, ya riga ya zo kafin nan, ya koma *se āsi na thilā*. A rubutu sau da yawa ana manna ta da mataimakin a rubuta ନଥିଲା, kalma ɗaya.

Wurinta na biyu shi ne duk inda aikatau bai tsaya da ƙafarsa ya rufe jimla ba, wato a sharaɗi da sunan aiki da aikin da ya rataya ga wani. *Se na khāi galā* na nufin ya tafi ba tare da ya ci ba. *Na jibā bhala* na nufin rashin zuwa ya fi. *Jadi barsā na hue* na nufin idan ba a yi ruwa ba. Kalmar *nahele*, wadda ake ji a kowace hira da ma'anar "in ba haka ba", ita ma *na* ce da *hele*. Jimla ɗaya tana iya tara tsarin biyu, kuma ina ganin ta cancanci a haddace ta: *tume na gale mun jibi nāhin*, idan ba ka je ba, ba zan je ba. A ɓangaren sharaɗi korewa ta gabaci aikatau, a babbar jimla kuma ta bi bayansa.

Duk abin da na kawo zuwa yanzu da *nāhin* a cike shi ne yadda ake rubutawa a jarida da littafin makaranta da takardar ofis. A baki kuwa, a kasuwa ko a tasha, kalmar tana tsukewa ta zama ɗafa-ƙeya *-ni* (ନି), wato guntun da ake mannawa a ƙarshen kalma. *Jibi nāhin* ya zama *jibini*, *gali nāhin* ya zama *galini*, *jāu nāhin* ya zama *jāuni*, *khāi nāhin* ya zama *khāini*. Ban sani ba shi ne *mun jāṇini*, ban iya ganewa ba shi ne *mun bujhi pāruni*, ba zai yiwu ba shi ne *hebani*. A inda cikakkiyar kalmar take sauyawa, gajeruwar ma tana bin ta, shi ya sa uwa take tambayar ɗanta *tu khāinu?*, ba ka ci ba?, tun da asalinsa *khāi nāhun* ne.

Wannan ɗafa-ƙeya yana da maƙwabci mai hatsari, kuma ban san wani wuri a harshen da ya fi buƙatar kunne mai kaifi ba. Akwai wani ɗafa-ƙeyan, *-ṇi* (ଣି), mai naɗaɗɗen baƙi, wanda ma'anarsa ita ce aiki ya riga ya auku. *Se āsilāni* na nufin bai zo ba, *se āsilāṇi* kuwa na nufin ai ya riga ya zo. *Helāni* na nufin bai yiwu ba, *helāṇi* na nufin an riga an gama. Jimloli biyu masu kishiyantar juna sarai, kuma abin da ya raba su shi ne inda kan harshe ya taɓa: a bayan haƙora ga na korewa, a can saman ganɗa tare da lanƙwasa harshe ga na tabbatarwa. Wanda ya tashi yana rarrabe "kafa" da "ƙafa", ko "bata" da "ɓata", ba zai yi mamakin cewa baƙi ɗaya yana juya ma'ana ba, kuma yana da wata riba, domin naɗin harshen da ake buƙata ya yi kusa da na *r* ɗin da muke furtawa a "rana", sai dai a nan sautin yana bi ta hanci. Duk da haka ji ya fi furtawa wuya, musamman a magana mai sauri ko ta waya, kuma shawarata ga mai koyo ita ce idan batun yana da muhimmanci, kamar biyan kuɗi ko isowar wani, ya sake tambaya da cikakkiyar siffa har ya ji *nāhin* ko ya ji *han*, wato e.

Hani ba shi da kalma ta dabam irin "kada" ta Hausa ko *mat* ta Hindi. Ana ɗaukar siffar umarni ne a bi ta da korewa, kuma matakan girmamawa uku suna nan. Ga yaro ana cewa *kānd nā*, kada ka yi kuka. Ga tsara ana cewa *jāa nāhin* ko *jāani*, kada ka tafi. Ga babba ko ga jama'a ana cewa *jāāntu nāhin*, kuma wannan siffa mai ƙarewa da *-ntu nāhin* ita ce ake gani a sanarwar hukuma da allunan gargaɗi, tare da *nisedha*, wato an hana, kamar a *prabesa nisedha*, an hana shiga. Ana kuma yin hani mai taushi da siffar lokaci mai zuwa, kamar *bhuliba nāhin*, kada ka manta, wanda a zahirinsa "ba za ka manta ba" ne. Akwai kuma inda siffar korewa take zama gayyata, domin idan mai gida ya ce wa baƙo *basu nāhānti*, ba yana ba da labarin cewa baƙon bai zauna ba ne, yana roƙonsa ya zauna ne, kamar yadda muke cewa "ba ku shigo ba?" ga wanda ya tsaya a bakin zaure.

Kalmomi irin su "kowa" da "komai" suna tafiya kusan yadda muka saba. *Kehi* na nufin wani, *kichi* na nufin wani abu, *kebe* na nufin wani lokaci, kuma ba su zama korau da kansu sai an rufe jimlar da kalmar korewa. *Kichi nāhin* shi ne babu komai, *ghare kehi nāhānti* babu kowa a gida, *mun kebe jāi nāhin* ban taɓa zuwa ba. Ana ƙarfafa su da *bi*, mai ma'anar "ma", ko da *ādau* da *jamā*, masu ma'anar "ko kaɗan". Daga wannan gini ne maganganun yau da kullum suka fito, irin su *darakāra nāhin*, babu buƙata, da *asubidhā nāhin*, babu matsala. Amsar a'a ita ce *nā*, amma ita wannan kalma tana kuma aiki a matsayin "ko" a tambayar zaɓi, saboda haka *cā nā kaphi?* tambaya ce ta shayi ko kofi, *jiba nā nāhin?* kuma za ka je ko ba za ka je ba. Abin da muke cewa "ko ba haka ba?" a ƙarshen magana shi ne *nuhen ki?* Akwai kuma ɗafa-goshi na korewa, masu mannuwa a farkon kalma, da aka gada daga Sanskirit, tsohon harshen Indiya, kamar *a-* a *asambhaba*, abin da ba zai yiwu ba, da *nir-* a *nirdosa*, marar laifi, amma waɗannan batun ginin kalma ne, kuma ƙamus ya ishe su.

Kwatanta Odiya da maƙwabtansa yana nuna cewa tsarin nan nasa ne, ko da yake kowane yanki nasa yana da ɗan'uwa a wani wuri. Bangali ma yana ajiye korewa bayan aikatau, kuma yana rarrabe *nei* ta rashin samuwa da *noy* ta rashin kasancewa, amma *nei* ba ta sauyawa da mai magana kamar yadda *nāhin* take yi, sannan *-ni* ta Bangali ta taƙaita ga aikin da ya wuce, ba ta shiga lokaci mai zuwa kamar a *jibini*. Harshen Assam kuwa yana manna korewar ne a goshin aikatau. A kudu, Telugu, wanda ba ma dangin Odiya ba ne, yana da *ledu* da *kādu* masu aiki irin na *nāhin* da *nuhen*, kuma wasu masana suna danganta komawar korewa zuwa bayan aikatau da daɗewar cuɗanya da harsunan kudancin Indiya. Irin waɗannan bambance-bambance sun taɓa zama batun siyasa. A 1870 wani malamin makaranta a garin Balasore na Odisha, Kanti Chandra Bhattacharya, ya wallafa ƙaramin littafi da Bangali yana da'awar cewa Odiya ba harshe ne mai zaman kansa ba, a daidai lokacin da ake ƙoƙarin maye gurbinsa da Bangali a makarantu. John Beames, jami'in mulkin Ingila kuma masanin harsuna, ya yi masa raddi, marubuta irin su Fakir Mohan Senapati kuma suka tsaya wajen kare harshen, har gwagwarmayar ta kai ga kafa lardin Orissa a ranar 1 ga Afrilu, 1936, bisa tushen harshe.

A cikin Odiya kansa ma wurin zaman korewa bai zama ɗaya ba. A tsofaffin waƙoƙi, irin na zamanin mawaƙi Sarala Das a ƙarni na 15, ana yawan samun *na* kafin aikatau cikakke, kuma mawaƙa suna amfani da wannan salo har yanzu idan ma'aunin waƙa ya nema, don haka wanda ya ga irinsa a baiti kada ya ɗauka kuskure ne, kada kuma ya kwaikwaye shi a hira. Daidaitaccen harshe, wanda duk misalan da ke sama suka fito daga gare shi, ya ginu ne a kan maganar yankin gaɓar teku, wajajen garuruwan Cuttack da Puri. A yammacin jihar, a Sambalpur da kewayenta, inda ake magana da karin Sambalpuri, kalmar korewa tana zuwa ne kafin aikatau, kamar yadda take a Hindi da harshen Chhattisgarh da suke maƙwabtaka da yankin. Ɗalibin da ya koyi harshen a Bhubaneswar za a fahimce shi a can, tun da daidaitaccen Odiya ne harshen makaranta da jarida a faɗin jihar, amma shi zai buƙaci ya sake horar da kunnensa, ya riƙa neman korewar a tsakiyar jimla maimakon ya jira ta a ƙarshe.